Jirginmu Yana Da Matuƙi

Ƴan uwana ɗalibai, samari da ƴan mata na Maradi, Tibiri da Jiratawa, akwai wata shawara da ake ta ba mu kwanan nan cikin murya mai taushi, a fada, a lakkwal, har a cikin gida: "Ku bar wasan jirgin nan, ƙasa tana cikin yaƙi, ku nemi zaman lahiyarku." Masu faɗin haka ba maƙiyanmu ba ne. Wasu iyayenmu ne, wasu malamanmu ne, kuma tsoron da suke ji ba na banza ba ne. Duk da haka ni ban yarda ba. In muka bi shawarar nan, ko ɗan bindiga guda ba zai fasa tada jirginsa ba, mu kaɗai za mu zauna hannu rabbana. Abin da nake nema a wannan ƴar takarda shi ne doka: bayyananna, mai araha, rubutacciya da Hausa, wadda ɗalibi zai iya cika sharuɗɗanta nan Maradi.

Mu fara gyara suna

Rediyo ta saba mana da cewa "jirgi marar matuƙi", wasu su ce dron. Sunan nan ya yi mana kuɗin goro. Da shi ake kiran Bayraktar TB2 da Nijar ta sayo daga Turkiyya a 2022, mai fukafukai mita 12, wanda yake wuni ya kwana sama bai sauka ba, kuma yana ɗaukar makami. Da shi ake kiran jiragen da Amurka ta girke a Agadas har zuwa 2024. Da shi kuma ake kiran ɗan mitsitsin abin da ƙanenka yake koyon tuƙi da shi a tsakar gida, mai nauyin giram 30, wanda bai kai ƙwan kaza nauyi ba, batirinsa kuma minti 3 ko 4 ya ƙare. Kamar a ce tirela da keken yara duk mota ce, a nemi famin tuƙi ga kowa.

Irin tuƙin da nake magana a kai Turawa suna taƙaita sunansa da FPV, ni kuwa ina ce masa tuƙin ido-cikin-jirgi. Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. A goshin jirgin akwai ƴar kamera. Bayanta akwai ƴar na'ura mai aiko hoto ta iska, yawanci a zangon 5.8 GHz. Kai kana ƙasa, ka rufe idonka da wani tabarau mai allo a ciki, kana ganin abin da kamerar ke gani, jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba. A hannunka akwai akwatin tuƙi mai sanduna biyu, yana aika umarni a zangon 2.4 GHz. Moto huɗu, farfela huɗu, da ƴar ƙwaƙwalwa a tsakiya mai gyara juyin kowane moto sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. A salon da gwanaye suke tuƙi, in ka saki sanduna jirgin ba ya miƙe kansa. Yadda ka bar shi a karkace haka zai tafi har ya ci ƙasa.

To, don Allah, wanga abu ne za a ce ba shi da matuƙi? Matuƙinsa na nan zaune gindin bedi, yana da suna, yana da unguwa, yana da uwa da uba, mai gari ya san gidansu. Duk gardamata a kan wannan ta tsaya. Wanda yake da suna ana iya rubuta shi a littafi, ana iya koya masa, ana iya jarraba shi, in ya yi ɓarna ana iya zuwa har gida a kama shi. Wanda aka kora cikin duhu kuwa ba ka da yadda za ka yi da shi.

Tsoron gaskiya ne

Ba zan yi muku wayo in ɓoye abin da kowa ya sani ba. Tun 2022 yaƙin Yukiren ya nuna wa duniya cewa irin jirgin da samari ke tsere da shi, in aka ɗaura masa abin fashewa, yana lalata motar yaƙi. Ƙungiyoyi masu makamai a Mali da Burkina Faso sun koyi darasin. A Borno an kai wa sansanin soja hari da ƙananan jirage a watan Disamba 2024, kuma a Janairu 2025 rundunar sojan Najeriya ta hana tada su a jihohin Borno, Yobe da Adamawa. Mu ma nan ba baƙin tashin hankali ba ne. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji sun san satar shanu da satar mutane, kuma tun 2019 muka ga dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Sojan da ya ji ƙugi bisa kansa da dare yana da haƙƙin gabansa ya faɗi.

Ko ba yaƙi, abin yana da haɗarinsa. Jirgin tsere mai farfela inci 5 ya fi rabin kilo nauyi, yana wuce kilomita 100 a awa, farfelarsa tana yanka fata kamar reza. Batirinsa in ya fashe ko aka cika masa caji yana kama wuta, a ɗakin da ke da katifa da labule kuwa kun san sauran. A filin jirgin Gatwick na Ingila, cikin Disamba 2018, rahoton ganin ƙaramin jirgi kusa da hanyar tashi ya dagula tafiyar jirage wajen 1,000.

Akwai kuma haɗarin da Bature bai cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba. Gidajenmu katanga gare su da zaure, don kada idon baƙo ya wuce inda aka tsayar da shi. Makewayinmu da wurin wankanmu da yawa ba rufi. Jirgi mai kamera in ya hau mita 20 bisa unguwa, ya tsallake zaure, ya tsallake sallama, ya faɗa tsakar gidan mutane inda iyayenmu mata da ƴan uwanmu suke sake. Magidancin da ya ɗauki dutse ya jefe shi, ni ba zan ga laifinsa ba.

Duk na yarda da waɗannan. Tambayata guda ce: hani zai magance su?

Wa hani yake kamawa?

Hani yana kama mai jin magana ne kawai. Kayan jirgin nan duka, in ka kwance su, ba su cika ledar kayan gyaran salula ba: moto kamar murfin kwalba, allon lantarki kamar akwatin ashana. Iyakar da ba ta iya tsare jarkar mai da buhun shinkafa tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, ita ce za ta tsare wannan? Ɗan ta'adda bai taɓa zuwa biro neman izini ba, kuma ranar da aka ce an hana, shi ko labari bai ji ba.

Mun ga irin wannan magani a ƙasarmu. A 2015, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Difa, an hana hawan babur, an tsayar da cinikin tattasai da na kifi, don a yanke wa Boko Haram hanyar kuɗi da ta zirga-zirga. Niyyar mai kyau ce. Amma ƴan kabu-kabu da manoma da masunta su suka fara jin yunwa, kuma daga baya hukuma da kanta ta sassauta a kan tattasai da kifi. Wanda ya kafa hani ya kamata ya fara lissafa wa zai ji ciwo da farko.

Doka mai tsada ita ma hani ce da ta sa babbar riga. A 2016 hukumar sufurin saman Najeriya ta ce ba mai tada jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, aka kuma sa kuɗin neman izini naira 500,000. Wane ɗalibi ke da su? Je bikin manya a Kano ko Katsina ka ɗaga kai, za ka ga jiragen masu ɗaukar hoto suna shawagi bisa ƴan biki. Dokar da talaka ba ya iya cikawa ba ta rage masu tashi, tana rage waɗanda hukuma ta san da su ne.

Abin da ya fi hani muni kuwa shi ne duhu. Bara, a wani shinge, wani mai kaki ya karɓe ɗan jirgin da mu huɗu muka yi wata bakwai muna tsakurar kuɗinsa daga bursu, jika biyu yau, jika uku gobe. Muka ce: "Ranka ya daɗe, wace takarda ake nema?" Ya ce: "Takarda." Muka ce: "Ina ake samunta?" Ya ce: "Ku tahi Yamai." Ko rasit bai ba mu ba. Ba na zaginsa, don shi ma ba a sa masa komai a hannu ba da zai duba ya bambance abin wasa da abin yaƙi. Inda ƙa'ida ba ta iso ba, kowane shinge da tasa dokar, kuma daga nan ne "a ba da na goro" yake shigowa.

Hukumar da ke kula da sufurin sama a ƙasar nan, ANAC, tana Yamai. Mai kula da zangunan rediyo, ARCEP, ita ma can take. Tsakaninmu da su fiye da kilomita 600. Duk wata ƙa'ida da ke kwance cikin kundi da Faransanci a can, wadda ɗan Jiratawa bai gani ba, mai tsaron shinge bai gani ba, ba ta tsare kowa. Kundin da aka zartar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To a fara da shafi guda: ga abin da aka yarda, ga abin da aka hana, ga inda ake rajista, ga kuɗin.

Mi muke asara?

Wani zai ce, "Kai, duk wannan surutu a kan wasa?" Ku ji labarin wasa. Aziz Kountché ɗan Nijar ne da ya koya wa kansa ƙera ƙananan jirage, daga baya ya kafa Drone Africa Service a Yamai. A 2016, da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci taswirar sansanonin Sayam Foraj da Kabelawa a jihar Difa, jirginsa ne ya ɗauko hotunan, da izinin gwamnati, a yankin da ake yaƙi. Ku lura da kyau: a Difa, cikin dokar ta-ɓaci, an samu hanyar ba ɗan ƙasa izini, kuma ƙasa ta amfana. Da tun yana yaro aka ƙwace masa kayan wasansa aka ce ya nemi zaman lahiya, da sai an ɗauko Bature a biya shi kuɗin waje.

A Kano, a 2007, wani ɗalibin kimiyya na Jami'ar Bayero, Mubarak Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, duniya ta ji labarinsa. Irin kansa ba su ƙare ba. Suna nan rumfunan gyaran salula, suna narka dalma da hannu ba rawa, suna tada wayar da mai ita ya fidda rai. Ƙasar Ruwanda ta fara kai jini asibitocin karkara da jiragen kamfanin Zipline a 2016, Gana ta bi a 2019, Kaduna ma ta shiga a 2022. Malawi, wadda ba ta fi mu kuɗi da wani abin kirki ba, ta buɗe makarantar koyon wannan sana'a a Lilongwe a 2020. Su suna horar da yaransu, mu muna ce wa namu su ɓoye.

Ku dubi nan gida. Fadamar Jiratawa da aka gyara tun 1982, fiye da hekta 500, da rijiyoyinta da famfunanta da hanyoyin ruwanta, ita ke ciyar da gidaje da zogala, albasa, alkama da masara. Hanyar ruwa in ta tsage, ko yashi ya toshe ta, ko wani gefen gona ya fara yin rawaya, mutum a ƙasa sai ya wuni yana zagaye kafin ya gano. Daga sama minti kaɗan ne. Birnin Maradi kansa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa ya tashi daga kwari ya hau tudu. A ƙarshen Agusta 2024 ruwa ya sake rushe gidaje ya ci rayuka cikin garin nan. Sanin inda ruwa ke bi, inda kwalbati ya toshe, inda aka yi gini bisa hanyarsa, aikin taswira ne, kuma taswira mai arha yau daga ƙaramin jirgi take fitowa.

Kada wani ya ce na ce jirgin tsere shi zai auna fadama. A'a, na taswira daban ne, yana bin layin da aka zana masa a kwamfuta. Amma hannun da zai gyara na taswira ran da ya faɗo, a wajen wasa yake koyo. Wanda ya haɗa jirginsa da kansa ya san dalma, ya san batir, ya san eriya, ya san dalilin da moto ke zafi, ya san yadda iskar hunturu ke kaɗa fiffike. Yana faɗuwa, yana karyewa, yana gyarawa, har hannu ya faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da ƙasa za ta buƙaci matuƙa ɗari, don gona ko don ambaliya ko don tsaron kanta, ba a kasuwa za ta saye su ba.

Yadda wasu suka yi

Amurka ta fara rajistar ƙananan jirage a Disamba 2015: daga giram 250 zuwa sama ka rubuta sunanka, ka biya dala 5 tasu, ka manna lamba a jikin jirgin, kada ka wuce kimanin mita 120. Tun 2021 akwai ƴar jarrabawa kyauta ga masu wasa. Tarayyar Turai ta fara aiki da tata ƙa'idar a ƙarshen 2020, ita ma mita 120. Dukkansu sun gane matsalar mai tabarau, wato yana ganin gabansa amma ba ya ganin gefensa ko bayansa, sai suka ce dole wani ya tsaya kusa da shi yana bin jirgin da ido. Ingila ma bayan abin Gatwick rajista da jarrabawa ta kawo a 2019, ba ta rufe wasan ba.

Na san amsar: "Su ba su da ƴan bindiga a bayan gari." Gaskiya ne. Shi ya sa tamu dokar ya kamata ta fi tasu tsanani wajen wuri da lokaci. Ni na yarda a ce ba tashi da dare, ba tashi kusa da iyaka, ba tashi a duk inda soja ke aiki. Tsanani daban, rufe ƙofa daban.

Abin da muke nema

1. A fitar da ƙa'ida a shafi guda, da Hausa da Faransanci, a manna ta a lakkwal, a jami'a, a ma'aikatar magajin gari, a ba kowane shinge kwafi.

2. A raba jirage bisa nauyi. Abin da bai kai giram 250 ba, a fili da aka yarda, kada a nemi komai sai sunan mai shi. Abin da ya wuce, a yi rajista, a manna lamba.

3. A buɗe wurin rajista a Maradi, kuɗinsa kada ya wuce abin da ɗalibi zai iya cirewa daga bursun wata guda bai kwana da yunwa ba.

4. A shata wuraren da ba a tashi: filin jirgin sama, bariki, gidan kaso, fadar Sarkin Katsina a Maradi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, kasuwa, masallacin Idi, da bisa gidajen mutane.

5. A ba mu fili guda a bayan gari, da ranaku sanannu, hukuma ta san da shi, jami'in tsaro ya zo ya gani duk ran da ya so. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da malaman kimiyya da na noma da za su iya tsaya mana.

6. Duk abin da aka karɓe a shinge a ba da rasit, a faɗi inda za a je neman bayani.

Sai mu, ƴan uwa

Yanzu bari in juyo gida, don in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Akwai cikinmu masu tada jirgi bisa kan jama'a ranar hawan salla don su samu hoton TikTok, doki ya firgita, yara na ƙarƙashi. Akwai mai leƙa gidan budurwar da ta ƙi shi. Akwai mai cajin batir a ɗakin kwana ya kulle ya tafi kallon ƙwallo. Wallahi ku ne kuke rubuta takardar hanin da hannunku. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ran da ɗayanku ya fasa kan yaro, ba za a tambayi wane ne ba, duk za a haɗa mu.

Don haka kada mu jira Yamai. Tun yau, duk mai son koyo ya fara da tuƙin gwaji a kwamfuta, ya yi awanni yana faɗuwa a allo inda ba a karya komai. In ya fito fili, ya fara da ƙarami. Kada kowa ya sa tabarau sai da abokinsa tsaye yana kallon sama. Kada a tashi bisa gida, bisa taro, bisa dabbobi. Gonar wani sai da izinin mai gona, gari sai an gai da mai gari an faɗa masa. In mai kaki ya ce sauke, ka sauke, gardama sai a biro. Ƴan mata kuma a buɗe musu wuri, don sanduna biyun nan ba su san namiji ko mace ba, natsuwa kawai suke nema.

Mu rubuta sunayenmu da kanmu a littafi guda, da irin jirgin kowa da nauyinsa. Mu kwafi buƙatun nan shida, mu sa hannu, mu bi ta ƙungiyoyinmu na ɗalibai mu kai su gaban gwamna da magajin gari da shugabannin jami'a. In ka gama karanta wannan ɗan littafi kada ka naɗe ƙosai da shi, miƙa wa na kusa da kai, musamman wanda yake ganin ba ni da gaskiya. Shafin fitowa ta gaba a buɗe yake gare shi, ya kawo tasa hujjar.